Waken Surukina da Muryata a Cikin Waya

Har yau in matata ta dafa wake da shinkafa ta ajiye mini, sai na yi hamdala sau biyu, ɗaya ta abincin, ɗaya kuma ta wata shekara da waken surukina ya kusa hana ni taka garinsu. Ita dariya take yi in na faɗa, don a wurinta abin ya wuce tuni. Ni kuwa da na san halin da na shiga a lokacin, sai da aka daɗe kafin in ga abin dariya a ciki.

Ni malamin firamare ne a Kankia. Aikin gona na karanta a kwaleji, amma da aka tashi ɗaukata aiki sai aka miƙa mini alli aka ce in koyar da lissafi. Abin da na karanta ya yi ta ci mini rai, har dai na buɗe bulog, wato shafin da mutum ke zuba rubutunsa a intanet. Da Hausa nake rubutu, a kan gero da dawa da wake da gyaɗa, da yadda ake ajiyar amfani bayan kaka. Rubutu ne mai tsawo, irin wanda sai mutum ya gyara zama kafin ya fara. Masu karantawa kuwa abokan karatuna ne da ke zaune a birane, waɗanda rabonsu da fartanya tun suna yara. Su rubuto "Allah ya ƙara basira," shi ke nan an gama. Manoman da nake yi dominsu ko labarin shafin ba su da shi.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, mai shago a gefen kasuwa. Yana sayar da iri da taki da maganin feshi. Tun muna yara ba ya raga mini, ni ma ba na raga masa. A shekarar da nake magana ya sari wasu buhuna na ajiyar hatsi, irin masu leda biyu a ciki. Ana zuba wake, a matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure daban, sannan a ɗaure buhun waje. Ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba a sa magani ko ɗigo. Buhunan suka zauna masa a shago, mutane su taɓa, su tambaya, su ajiye.

Wata ranar kasuwa na biya ta wurinsa bayan an tashi makaranta, ya ce, "Farfesa, wai ba ka taɓa yin rubutu a kan buhunan nan ba?"

Na ce na yi mana, tun bara, kuma rubutu ne cikakke.

Ya ce, "Wa ya karanta?"

Tambayar ta ɓata mini rai.

Ya ce, "To ka ji. Kai dai ka tara hatsi a rumbu ka toshe, gida ana kwana da yunwa. Ka daina sabon rubutu haka nan. Ɗebo tsohon nan ka gutsuttsura, ka karanta da bakinka a waya, mu tura wa mutane. Mutanenmu da kunne suke karatu. A ƙarshen kowane ka ce buhun yana shagona."

Na ce wato ni zai mayar mai shela. Ya ce ai gara mai shela, shi ana jin sa. Na tafi gida ina huci, amma kafin in cire takalmi na san gaskiya ya faɗa.

Haka na shiga aikin. Na buɗe tsohon rubutuna na wake na zauna da shi. Ashe abin da na ɗauka rubutu ɗaya ne, abubuwa ne da yawa a cuɗe. Akwai bayanin ƙwaro da yadda yake shiga wake tun daga gona. Akwai illar maganin da mutane ke barbaɗawa. Akwai shanya da yadda za a gane wake ya bushe da gaske. Akwai ɗauri, akwai inda za a jingine buhu don ɓera. Na raba su, kowane na mayar da shi saƙon murya. Wasu jimlolin na ɗora su a kan hoton buhu don masu iya karatu. Tambayoyin da abokaina suka taɓa yi a ƙasan rubutun ma ban bar su ba, na mayar da su tambaya da amsa. Wallahi na ji daɗin aikin. Abin da na rubuta na manta da shi, ga shi ya tashi yana tafiya da ƙafarsa.

A ɗaki nake ɗaukar muryar da hantsin Asabar, matata tana tsakar gida tana korar kaji don kada su shiga cikin maganar. Zakaran maƙwabta dai ya shiga ba sau ɗaya ba. Na farko da na yi na tura wa taubashina, ya kira ni ya ce, "Farfesa, wannan ai huɗuba ce. Wa ke da datar sauke huɗuba? Rage." Na rage. Ya ce in ƙara ragewa. Muka yi ta ja har kowane saƙo ya koma ɗan guntu, kafin mutum ya gama kurɓar shayi ya ƙare. A farkon kowane nakan ce wannan kashi na kaza ne, shi ma ya ce ɓata lokaci ne, na cire.

Wanda ya fi kowane karɓuwa shi ne na ɗauri. A cikinsa na saki jiki na yi 'yar raha. Na ce, "Da zarar ka ɗaure, kada ka buɗe sai ranar da za ka ci ko za ka sayar. Ko wa ya ce ka buɗe kada ka yarda. Ko ni mai maganar nan na zo da kaina na ce ka buɗe, ka ce mini a'a." Mutane suka so wannan. Aka yi ta tura shi daga guruf zuwa guruf a waya, masu cajin waya na ƙauye suna zuba wa mutane a memori tare da wa'azi. Buhuna suka fara tafiya. Taubashina ya koma sari, ya fara gaishe ni da "ranka ya daɗe" don iya shege.

A shekarar ruwa bai ɗauke da wuri ba. An shiga roron wake sama tana ta haɗa hadari, a shanya da safe a kwashe da rana. Mutane kuma suna sauri su killace abinsu.

Bayan kaka da 'yan makonni ina zaune a bencin shagon sai ga wani dattijo daga Rimaye, ya sauke buhu daga babur, ya kwance a gabanmu ba ko sallama mai kyau. Warin ne ya fara isowa. Waken ya yi fumfuna, ya dunƙule, ya yi baƙi-baƙi daga tsakiya. Ya ce ga abin da buhunmu ya yi masa. Na tsuguna na taɓa, na ce, "Baba, ai da danshi aka zuba shi. Ba ka yi gwajin gishiri ba?"

Ya ce, "Wane gishiri?"

Na ce wanda aka yi bayani, a sa wake da ɗan gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalba to da sauran shanya. Ya ciro ƙaramar wayarsa ya kunna. Muryata ce, tana cewa a matse iska, a murɗe, a ɗaure, kada a buɗe. Ita kaɗai ce a wayar. Kashin shanya bai taɓa zuwa kunnensa ba. A shafina maganar shanya tana sama, ta ɗauri tana ƙasa, ba yadda za a yi mutum ya kai ga ɗaya bai bi ta kan ɗaya ba. Amma saƙon murya ba shi da sama ba shi da ƙasa, inda ya faɗa nan ya faɗa.

Taubashina ya ba dattijon haƙuri, ya yi masa abin da ya sawwaƙa, ya tafi ba don ransa ya yi daɗi ba. Sai na ga taubashin nawa ya dawo ya zauna bai tsokane ni ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don ban san shi da shiru ba.

Ya ce, "Farfesa, akwai magana. Surukinka ya aiko maƙwabcinsa ya sayi buhunan nan tun farkon kaka. Da yawa."

Na ce, "Wane surukin?"

Ya ce, "Kana da wani ne bayan na Ƙofa?"

Innalillahi. Na san gidan nan ciki da waje. A shekarar geronsu bai yi ba, matata ta faɗa mini tun da damina. Waken nan shi ne abin da gidan gaba ɗaya ya dogara da shi, a ajiye har bazara ya yi daraja, a sayar a sayi hatsi, a sayi taki. In da danshi aka ɗaure shi, kowace rana da ta wuce lalacewa yake ƙara yi. In an buɗe da wuri aka sake shanyawa ana iya ceto. Abin da ake buƙata kawai a kwance buhu ɗaya a zura hannu.

Wanda bai san mu ba zai ce to ɗauki waya mana ka kira shi. Ni da surukina tun da aka ɗaura aure ba mu taɓa yin maganar da ta wuce gaisuwa ba. In na je, daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, idona a ƙasa. Ya tambayi mutanen gida, ya tambayi aiki, in ce alhamdu lillahi, ya sa albarka, in tashi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In muka hango juna a kasuwar Kusada, ni nake sake layi, shi kuma ya duƙufa kallon akuyar da ba saya zai yi ba. Ba gaba muke ba, Allah ya sani ina ƙaunar tsohon nan. Haka dai ake yi. Shi ya sa ma da zai sayi buhun bai zo da kansa ba, don kada ya tarar da ni a shagon.

Na garzaya gida na faɗa wa matata, na ce ta kira. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka manta ni ce ta fari?" Ban manta ba, ruɗewa ce. Ita 'yar fari ce, a hannun kakarta ta tashi. Mahaifinta bai taɓa kiran sunanta ba, mahaifiyarta kuwa in suna magana sai ka ɗauka baƙuwa ce ta zo tambayar hanya. Duk da haka ta daure ta kira Inna. Sabis yana yankewa, ta koma bakin ƙofa, ta koma gindin dalbejiya. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Inna, wai waken nan an shanya shi sosai kuwa?"

Ina jin amsar daga inda nake. "An shanya mana."

"Ya bushe dai?"

"To da ɗanye za a zuba? Ki gaida mutanen gidan." Ƙit, ta kashe.

Na ce wa matata ai dattijon Rimaye ma da za a tambaye shi cewa zai yi an shanya. Kowa ya shanya. Ta ce to ita iyakarta ke nan, in ina so ta sake kira sai dai in ba ta abin da za ta ce, don ba za ta tsaya tana yi wa mahaifiyarta jarrabawa ba.

A ranar na zauna na sake saƙonnin gaba ɗaya. Kowane guntu na sa masa maganar bushewa a farko, ko da a kan ɓera yake magana. Na ce duk wanda ya ɗaure bai gwada ba ya kwance ɗaya ya duba. Taubashina bai ce ya yi tsawo ba a wannan karon. Muka tura ko'ina, muka roƙi masu caji su goge tsohon. Amma wa zai tabbatar mini ya isa gida ɗaya tak da nake so ya isa?

Sai taubashina ya ce shi zai je, ai shi ba surukinsa ba ne kai tsaye, kuma shi ya sayar da buhun. Ya hau babur ya tafi Ƙofa. Da la'asar ya dawo yana dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kamar in shaƙe shi.

Ya ce, "Na gaishe shi, na ce Baba an samu sabon bayani, ana so a buɗe buhu ɗaya a duba. Ya ce wa ya ce? Na ce mai muryar nan ne da kansa ya aiko ni. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya kunna, ya bari har ta kai wurin da ka ce ko kai ka zo da kanka a ce maka a'a. Ya ɗaga mini yatsa. Ya mayar da wayar aljihu, ya sa aka kawo mini fura."

Na ce, "Ba ka kunna masa sabon ba?"

"Na kunna. Ya saurara tsaf, ya ce shi na farkon ya riƙe, don a nan aka yi masa kashedi cewa za a zo."

Ban san lokacin da na ce, "Kai, wannan baki nawa!" Taubashina ya ce ai daɗinta an yarda da ni, shekara nawa ina kukan ba a jin maganata, ga shi an ji har ta fi ƙarfina. Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Kwanakin nan abinci ba ya mini daɗi. A aji ina rubuta lissafi a allo, raina yana ɗakin ajiyar surukina. Ba asarar kaɗai nake tsoro ba, ko da yake ita ce babba. Ina hango bazara, an kwance buhu a gaban iyali, wari ya tashi, kowa ya san muryar wa aka bi, kuma ba wanda zai ce mini uffan har abada. Da zagi ne da sauƙi. Za a ci gaba da amsa gaisuwata ana sa mini albarka, gidan kuma babu abinci.

Matata ce ta kawo mafita. Tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ka je wurin Baffa mana." Baffa ƙanen mahaifinta ne, shi ya karɓi sadakina, shi ya ba ni aurenta. Duk wata magana da ta shafi ni da gidan ta bakinsa take bi. Mutum ne mai faran-faran, da shi ina iya zama a tabarma ɗaya. Na rasa yadda aka yi ban tuna da shi ba tun farko.

Ranar Asabar na goya ta a babur muka kama hanyar Ƙofa, can wajen Kusada. Gonaki duk an girbe, sai kara a tsaye da shanu suna kiwo a ciki. Ta yi ta nuna mini gonakin danginsu, ni ko gani ba na yi. Da muka isa ta shige cikin gida, ni na zarce wurin Baffa. Na tarar da shi yana gyaran igiyar guga. Na zayyana masa komai, tun daga rubutun har dattijon Rimaye. Ya saurara, ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Wato kai ka ɗaure shi, yanzu kuma ka rasa mai kwance maka."

Na ce, "Baffa, a taimaka."

Ya ce, "Yaya fa in ya riƙe magana ya riƙe. Amma tashi mu je. Kai dai ka yi gaisuwarka ka ja bakinka."

Muka tarar da surukina a zaure bayan azahar, yana zaune a kan buzu. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a bakin ƙofa. Ya tambayi mutanen Kankia, ya tambayi makaranta, ya sa albarka. Daga inda nake ina hango ƙofar ɗakin ajiya a buɗe, ga buhunan a jere a kan katako, an ɗaga su daga ƙasa, ba su taɓa bango ba, daidai yadda na faɗa. Da na ga haka sai tausayi ya ƙara kama ni.

Baffa bai ambaci waya ba, bai ambace ni ba. Ya zauna ya yi ta hirar rijiya da farashin awaki. Can ya ce, "Yaya, ni fa irin waken nan naka nake so in gani. Nawa bana bai yi ƙwaya ba. In ya yi mini, ka ɗebar mini na shuka tun yanzu kafin in sake shawara."

Surukina ya ce, "An ɗamre."

"Na sani. Buhu guda dai. Ai an ce in za a ci ko za a sayar ana buɗewa. To ni saye zan yi."

Tsohon ya dubi ƙanensa, ya dubi bango, bai dubi inda nake ba ko kaɗan. Na tabbata ya gane komai. Ɗan'uwansa bai taɓa sayen iri a wurinsa ba, kyauta yake ɗiba. Amma an ba shi hanyar da zai buɗe ba tare da ya karya maganar da ya riƙe ba, ba tare da kuma an ce surukinsa ya zo gyara masa aiki ba. Ya tashi a hankali, ya ce, "To, ɗauko na ƙarshen can, shi aka zuba daga baya."

Na baya kuwa shi ne wanda ruwa ya fi dama. Baffa ya jawo buhun zuwa tsakiyar zaure. Surukina ya kwance igiyar waje, ya kwance ledar farko, ya tsaya yana warware murɗin ta biyu kamar ba shi da wani aiki a duniya. Ni dai hancina na sa a gaba, ina jiran wari.

Babu wari. Baffa ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa, ya damƙo daga can tsakiya, ya zuba a faifai. Ƙarar da waken ya yi a faifan nan, rau, kamar tsakuwa, ban taɓa jin abu mai daɗinta ba. Fari tas, ba huda, ba dunƙule. Ya jefa ƙwaya a baki ya ciza, ta fashe ƙas. Ya tura faifan wajena da ƙafa kamar ba da gangan ba. Na ɗauki ɗaya na ciza, haƙorina har ya amsa. Alhamdu lillahi. Na ji kamar an sauke mini buhun daga ka.

Baffa ya ce, "Kai, Yaya, a wannan shekara mai laima ya aka yi ya bushe haka?"

Surukina ya yi tsaki kaɗan. Ya ce, "Matan gidan nan ne da rigimarsu. Na ce a zuba, suka ce a'a. Wai sun ji wani bayani a Islamiyya, a wayar malamarsu. Suka samo kwalba da gishiri suna ta girgizawa kamar masu bori. Kullum a baza, kullum a kwashe. Har faɗa na yi. Uwargidan ta ce ko zan yi mi, ba a zuba wanga wake sai gishiri ya daina kama kwalba."

Nan na gane abin da ya faru. Kashin ɗauri ya bi ta wurin masu caji ya shiga aljihun maza. Kashin shanya kuwa ya bi ta makarantar matan aure ya shiga cikin gida, wurin masu shanyar da shiƙar. Inna ta ji muryata, ta yi aiki da ita har da faɗa da mai gida, amma da 'yarta ta fari ta kira tana tambaya, kunya ba ta bar ta ta ce ta ji muryar mijinta ba. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata, dariya da ƙwalla suna neman kubce mini a lokaci guda.

Baffa ya ɗebi abin da zai ɗiba don kada maganar sayen ta zama wasa. Surukina ya durƙusa da kansa ya matse iska, ya murɗe ledar ciki ya ɗaure, ya murɗe ta biyu ya ɗaure, ya ɗaure na waje. Ya koma kan buzunsa ya karkaɗe hannu. Sannan ya juya wajen ƙanensa, ya ba ni gefen fuska.

Ya ce, "Kai da kake shiga Kankia, in Allah ya sa ka haɗu da mutumen nan mai magana cikin waya, ka ba shi saƙo."

Baffa ya ce, "To, Yaya."

"Ka ce mishi nan gaba in zai yi magana ya faɗe ta wuri guda. Ya bar raba ta, rabi wurin maza rabi wurin mata, shina haɗa mutane faɗa da iyalinsu."

"Zan faɗa masa."

Surukina ya shafa bakin faifan da yatsa. Ya ce, "Kuma ka ce mishi bana ban sa magani a abincin jikokina ba. Allah ya yi mishi albarka, ya jiƙan mahaifansa."

Na ce amin da ƙarfi kafin in tuna ba da ni ake magana ba.